'Yandoto: Tsohon Birnin da Ya Haifi Garuruwa

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya tashi a ƙasar Tsafe ko Gusau ko Bunguɗu ya san sunan 'Yandoto. Amma in ka tambayi samarin yanzu ko mene ne asalin wannan suna, kaɗan ne za su iya ba ka amsa. Mu da muka riski tsofaffi mun ji labarin a bakinsu tun muna ƙanana, wani a zaure, wani a gindin rumbu ana sussuka. To, waɗannan tsofaffi suna ta ƙarewa, ƙauyuka da yawa kuma sun watse. Shi ya sa muka ga ya kamata mu bayyana tarihin garin a taƙaice, sa'an nan mu nuna amfanin da riƙe irin wannan labari yake da shi ga manomi.

Inda garin yake

Matafiyin da ya taso daga Funtuwa zuwa Gusau yakan fara isa Tsafe. In ya wuce Tsafe sai ya shiga yankin 'Yandoto, inda garin 'Yandoton Daji yake yanzu. Gaba kuma sai dutsen Kwatarkwashi, wanda ake hangowa tun daga nesa, sa'an nan Gusau, sa'an nan Bunguɗu a bakin Gulbin Sakkwato. Duk waɗannan suna cikin Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996.

A zamanin da, yankin 'Yandoto ƙasar Katsina ne. Ana ce masa Katsinar Laka, saboda irin ƙasarsa mai nauyi, mai riƙe ruwa. Kowane manomi ya san abin da laka take so, watau dawa da auduga. Inda akwai abinci da auduga kuwa, nan masaƙa da marina da fatake suke taruwa. Inda fatake suke sauka, nan malamai suke samun masu ciyar da almajiransu. Haka 'Yandoto ta bunƙasa, har ta zama ɗaya daga cikin manyan garuruwan karatu na ƙasar Hausa, ɗalibai suna zuwa daga nesa don su ɗauki ilmi.

Korau ɗan 'Yandoto

Labarin da yara suka fi so shi ne na Korau. Tsofaffi sun ce a wancan zamani Durɓawa ke sarautar Katsina, kuma al'adarsu ce sarki ya yi kokawa a bainar jama'a. Sarkin lokacin, Sanau, ba a taɓa kayar da shi ba, don yana da layar da yake ɗaurawa. Sai wani baƙo ya zo daga 'Yandoto, sunansa Korau. Aka ce da taimakon matar sarki aka raba Sanau da layarsa. Ranar kokawa Korau ya kayar da shi a gindin wata tsamiya, ya kashe shi, ya hau gadon sarauta.

Masana tarihi da yawa suna lissafa Muhammadu Korau a matsayin Sarkin Katsina Musulmi na farko, suna sa zamaninsa cikin ƙarni na 15. Har yau ana kiran fadar Sarkin Katsina Gidan Korau, takobin nan mai suna Gajere kuma yana cikin kayan sarautar Katsina. Wannan ya nuna mana cewa 'Yandoto ta riga ta yi suna fiye da shekara 500 da suka wuce.

Yadda birnin ya faɗi

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soma a 1804. Malaman 'Yandoto suka rabu biyu. Wasu suka bi Shehu, cikinsu har da Malam Muhammadu Sambo ɗan Ashafa. Wasu kuma, da yake su ma manyan masana ne, ba su yarda da hujjar yaƙin ba. Gardama ta yi tsanani, har aka fitar da mabiyan Shehu daga garin. Wajen 1806 Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya zo da runduna ya ci birnin, jama'arsa suka watse.

Akwai wani abu guda da ya kamata mu lura da shi a nan. Shehu Muhammadu Alkanemi na Barno ya zargi mutanen jihadi da lalata littattafai. A cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, Bello ya ba da amsa. Ya ce a wani gari na ƙasar Katsina da suka ci, ya ga iska tana kwasar takardu, shi da kansa ya yi ta tsincewa har ya gaji. Masana da yawa sun ɗauka 'Yandoto yake nufi. Ku duba, ilmin da aka tara shekara da shekaru, cikin kwana kaɗan iska ta ɗauke. Abin da ya tsira daga tarihin garin, yawancinsa a bakin mutane ya tsira.

'Ya'yan 'Yandoto

Birni ya faɗi, amma mutanensa sun tafi da sunansa. Malam Sambo ɗan Ashafa da jama'arsa su ne suka kafa Gusau a kusa da Gulbin Sakkwato. An ce sunan ya fito ne daga kalmar gusawa, don sun ɗan gusa daga tsohon mazauninsu. Har yanzu sarautar garin ita ce Sarkin Katsinan Gusau, abin da ke tuna mana cewa ƙasar ta Katsina ce tun asali. A Tsafe kuwa sunan tsohon birnin ne ya zama sunan sarauta, ana ce wa sarkin garin 'Yandoton Tsafe. A Bunguɗu sarautar ita ce Sarkin Fulanin Bunguɗu. Wanda ya san ma'anar waɗannan sunaye uku ya riga ya san kashin bayan tarihin yankin.

Da Turawa suka zo, sai hanyar ciniki ta sake. Aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Gusau ta zama babbar kasuwar gyaɗa da auduga, baƙi daga kudu da arewa suka cika ta. A 1975 aka buɗe babban aikin raya noma na Gusau da taimakon Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan, tare da na Funtuwa da na Gombe. A 1996 kuma Gusau ta zama babban birnin jiha. Ƙauyen da ya gusa daga 'Yandoto ya wuce uwarsa nesa.

Yadda muka koyi tarihi muna yara

Ba a aji muka fara jin waɗannan labarai ba. Makarantarmu ta farko ita ce dandali da gona. Da rani, in wata ya yi fari, 'yan mata suna gaɗa, mu kuma muna langa, har sai an gaji a koma wurin kaka a sha tatsuniya. Bayan Gizo da Ƙoƙi sai a gangaro kan labarin yaƙe-yaƙe, da wanda ya fara saran dajin unguwarmu, da inda kakanninmu suka fito. In kaka ta yi, aka ɗaure amfanin gona, sai a kafa kokawa. Duk yaron da ya yi kaye, ranar nan ji yake shi ne Korau.

Da damina kuwa, in an kira gayya, makaɗa suna bin manoma da ganga, suna kiran kowa da sunan ubansa da kakansa. Ta haka yaro yake haddace zuriyarsa ba tare da ya san karatu yake yi ba. Mu masu kai abinci gona mukan zauna a inuwa mu saurari manya. Wani lokaci galma takan tono tsingaro, ko dutsen niƙa, ko kashin maƙera. Sai dattijo ya ɗauka ya juya, ya ce nan kufai ne, gidan su wane ne a da. A nan muka koyi alamun kufai: kukoki da yawa a wuri ɗaya, tudun tsohuwar ganuwa, ramukan marina da suka cike, da baƙar ƙasa mai toka wadda dawa take yin kyau a cikinta ko ba taki.

Muna tuna ɗorawa da kanya da ɗinya da kaɗanya da ke tsaye cikin gonaki, waɗanda ba mai sara sai da izini. Muna tuna kukan jirgi in ya doso tasha, da buhunan gyaɗa a jibge. Muna kuma tuna yadda muryar tsofaffi take sauka ƙasa in sun zo kan labarin yunwa: Kakalaba ta 1914, da wadda ake kira 'Yar Gusau ta 1942. Wasunmu sun ga farin 1973 da idonsu, da cutar da ta nannaɗe gyaɗa a 1975, wadda ta sa manoma da yawa suka bar nomanta.

Amfanin wannan ga manomi

Wani zai ce ai wannan hira ce kawai ta marmarin da. To, bari mu duba.

Na farko, iyakar gona. Yawancin gonakinmu ba su da takarda. Shaidarsu ita ce gamba ko aduwa ko wani dutse, da dattijon da ya san wanda ya dasa. Ranar da dattijon ya rasu, rigima ta samu ƙofa.

Na biyu, burtali da mashaya. Tsofaffin manoma da tsofaffin Fulani sun san inda shanu suke bi tun kafin dokar makiyaya ta 1965. Inda aka manta da burtali aka nome shi, nan ɓarna take farawa, daga ɓarna sai faɗa.

Na uku, ruwa. Mutanen da ba su kafa gari inda ba ruwa. Wanda ya san inda tsofaffin rijiyoyi suke ya rage wa ƙungiyarsa asarar haƙa a banza.

Na huɗu, iri. Kakanninmu sun san wace dawa ce ta laka, wace ce ta jigawa, sun san bambancin ƙaura da farfara, da gero mai saurin nuna wanda ke fid da gida daga yunwar tsakiyar damina. Sun san kuma ganyayen da aka ci aka rayu a shekarun wahala, irin su tafasa da rama da yaɗiya.

Daga wajen 2011 rashin tsaro ya kori mutane daga ƙauyuka masu yawa a ƙasar Tsafe da Gusau da Bunguɗu da sauran sassan Zamfara. Akwai yaran da aka haifa a cikin birni, ba su taɓa taka gonar ubansu ba. In Allah ya kawo zaman lafiya aka koma, wa zai nuna musu iyaka? Sababbin kufai ne muke gani da idonmu, irin wanda 'Yandoto ta zama shekara 200 da suka wuce.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Aikin ba ya cin kuɗi. Ga shawararmu:

1. Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu masu iya rubutu, namiji da mace, ta saya musu littafi mai kauri. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne.

2. Su ziyarci tsofaffi da rani, lokacin da aiki ya yi sauƙi. A je da goro da ladabi, kada a yi gaggawa. Kada a manta da tsofaffin mata, don su ne suka fi riƙe zuriya da sunayen iri.

3. A tambayi kowa da kowa, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bafillace, don kowa da gefen da ya riƙe. In labari biyu sun saɓa, a rubuta duka biyun, da sunan wanda ya faɗa.

4. A rubuta asalin ƙauye, da jerin masu gari, da sunayen gonaki da fadamu, da iyakoki, da burtali, da rijiyoyi, da shekarun yunwa da yadda aka fita. Mai waya ya ɗauki murya, a zana taswira ko da ta hannu ce.

5. A yi kwafi uku. Ɗaya wurin magatakardan ƙungiya, ɗaya wurin mai gari, ɗaya kuma a wani gari dabam. Takardun 'Yandoto a wuri ɗaya suke, shi ya sa masifa ɗaya ta ishe su.

In an gama, a sa rana a tara yara a karanta musu, tsofaffin suna zaune suna gyara inda aka yi kuskure. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ƙungiyar da ta fara wannan aiki ta aiko mana da labarin ƙauyenta, mu kuwa za mu buga don sauran su gani. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.