Yaro da Wayar Hannu: Jawabi ga Iyaye a Ƙasar Haɗejiya

Kowane magidanci a ƙasar Haɗejiya, tun daga Auyo har Guri da Kirikasamma, ya san ba a barin ƙaramin yaro ya tafi bakin kogi shi kaɗai sa'ad da ruwa ya kawo. To, wayar hannu mai intanet ita ma tana da gurbi mai zurfi, sai dai nata ba a hangensa daga gaɓa.

Ga yadda mugaye su kan yi. Wani baƙo ya aiko wa yaro saƙo ta Facebook ko Instagram, ya sa hoton yarinya, ya ce shi tsararsa ne. Su yi ta hira kwana da kwanaki. In ya ga yaron ya saki jiki, sai ya roƙe shi hoton tsiraicinsa. Da ya samu, sai magana ta sake: a aiko kuɗi, ko kuwa a watsa hoton ga dangi da 'yan makaranta. Kunya ta kan hana yaro faɗi, har ya shiga ɗibar kuɗin gida a ɓoye, mai barazanar kuwa ba ya ƙoshi. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya sanar da cewa ya rufe shafukan Instagram wajen 63,000 a Nijeriya saboda wannan ta'asa.

Saboda haka in ɗanka ya zo maka da irin wannan magana, kada ka fara da bulala, gama wanda aka doka yau, gobe ba zai faɗa ba. Kada a biya ko kwabo. Kada kuma a goge saƙonnin, su ne shaida. A kai su ofishin 'yan sanda. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci.

Facebook da TikTok ba su yarda wanda bai kai shekara 13 ya buɗe shafi ba. Uban da ya ƙara wa ɗansa shekaru don a karɓe shi, lalle da hannunsa ya buɗe ƙofar. Waya kuma ta kwana a ɗakin iyaye, ba ƙarƙashin matashin yaro ba. Wanda ba ya karatun boko ya nemi malamin makarantar da ya amince da shi su duba tare.

Har wa yau, in ambaliya ta ci gonaki kamar ta 2022, mazambata su kan aiko saƙo wai ana rabon tallafi. A gaya wa yara kada su ba kowa lambar BVN ta iyayensu, ko lambar sirrin da banki ya aiko, ko da mai tambayar ya ce daga Dutse ya ke.