Shin ƙara wa furosesa gudu yana ƙona kwamfuta?

Maganar da ta fi yawo tsakanin masu gyaran kwamfuta ita ce, duk wanda ya tilasta wa furosesa gudu fiye da yadda kamfani ya tsara, nan take za ta ƙone. Ba haka abin yake ba. Furosesocin yau suna da ma'aunin zafi a jikinsu. Yawancin na Intel, da zarar zafi ya kusa digiri 100, sai su rage gudu da kansu, in kuma abin ya ci tura kwamfutar ta ɗauke kafin wani abu ya lalace.

Jita-jita ta biyu tana da tushe: wai kamfanoni na ɓoye ƙarfin kayansu. A 1998 mutane da yawa sun ɗaga gudun furosesar Celeron 300A daga megahaz 300 zuwa 450 ba tare da matsala ba, domin a lokacin ana barin rara mai yawa. Yanzu kuwa kamfanonin sun riga sun cinye wannan rarar, ta hanyar tsare-tsare irin su Turbo Boost da ke ƙara gudu da kansu in zafi ya ba da dama. Abin da ya rage wa mai ƙari kaɗan ne. Su ma waɗanda suka haura gigahaz 9 da Core i9-13900K a 2022, da ruwan iskar heliyom suka sanyaya ta, ba kuma don aikin yau da kullum ba.

Inda haɗarin yake na gaske shi ne ƙarfin wuta. Gudu mai yawa yana buƙatar ƙarin wuta, zafi kuwa yana hauhawa fiye da gwargwadon ƙarin da aka yi, sannan siraran hanyoyin da ke cikin furosesar suna zaizayewa a hankali. Wani zai ce tasa ta yi shekaru lafiya lau. Haka ne, amma irin wannan lalacewa ba ta bayyana sai ta yi nisa. A 2024 Intel ta amsa cewa wuta fiye da kima ce ta raunana wasu furosesocinta na zubi na 13 da na 14, har ta ƙara musu garantin shekara 2. In kamfanin da ya ƙera abu zai iya kuskuren awon wuta, mai gwaji a shago ya fi kusa da yin sa, shi kuma garanti ba ya biyan ɓarnar da wannan ƙari ya jawo. Ga kuma yanayi: fankar da ta wadatar a ɗaki mai sanyi ba lalle ta wadatar a Sakkwato cikin Afrilu ba, lokacin da zafi ke wuce digiri 40.