Abin da Ke Sa Birkin Gaban Tsohon Babur Ya Yi Laushi

Mai tsohon babur kan matsa hannun birkin gaba ya ji shi taushi kamar soso, har hannun ya kusa taɓa mariƙin babur, amma tayar ba ta tsaya ba. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin idan aka ci birki nauyin babur kan koma gaba, saboda haka tayar gaba ce ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. A babur mai birkin waya, galibi wayar ce ta saki. Bayaninmu a nan ya shafi birkin faifai ne, wanda ke aiki da mai.

A ƙarni na 17, Faskal, masanin lissafi ɗan ƙasar Faransa, ya nuna cewa idan aka matsa ruwan da ke rufe a cikin mazubi, matsin kan isa ko'ina a cikinsa daidai wa daida. Man birki ba ya matsuwa, don haka ƙarfin yatsu kan bi ta tiyo ya danna takalman birki a jikin faifai. Iska kuwa tana matsuwa. Malami na iya nuna wannan a aji da sirinji: a cika shi da ruwa, a toshe bakinsa da yatsa, a danna, ba zai motsa ba. A bar 'yar iska a ciki a sake gwadawa, sai a ji laushin nan sak. Mu masu nazarin halittu mun san wannan matsala, domin a lokacin fari kumfar iska kan shiga jijiyoyin da ke kai ruwa ga ganyen bishiya, ta yanke tafiyarsa.

To, ta yaya za a gane inda laifin yake? Idan an matsa hannun sau da yawa ya yi tauri, mai yiwuwa iska ce. Idan an riƙe shi yana ta nutsewa a hankali, robar famfon birki ta ci, ko kuma man na yoyo. Idan tiyon na kumbura a ƙarƙashin yatsa, ya tsufa, sai canji.

Akwai kuma wanda aka fi mantawa da shi. Man birki na shan danshi daga iska. Ƙa'idar nau'in DOT 4 ita ce kada sabonsa ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyos, amma wanda ya sha ruwa kan sauko zuwa wajen 155. A doguwar gangara zafi sai ya mai da ruwan tururi, tururi kuma na matsuwa kamar iska. Shi ya sa ake son a canza man duk bayan shekara biyu.

Wajen fitar da iska, ana sa siririn tiyo a bakin kusar fitar da mai da ke kusa da faifai, ɗaya bakin a cikin kwalba. A matsa hannun birki, a kwance kusar kaɗan, a ɗaure, sannan a saki hannun. A yi ta maimaitawa har kumfa ta ƙare, ana ƙara mai kada kofin ya bushe. Kada a kuskura a zuba man inji, yana kumbura roba, kuma DOT 5 ba ya haɗuwa da DOT 4.