Farautar Tsince-Tsince: Wasan Damina Da Zai Mayar Wa Yaranmu Sanin Daji

Da zarar shamuwa ta sauka bisa itatuwan gari, kowa a ƙasar Bukkuyum ya san ruwa ya kusa. Manomi yana gyaran fartanya, uwargida tana duba rufin ɗaki, yara kuwa babu abin da suke jira sai ranar da za su tuɓe riga su ruga cikin yayyafi. A da, wannan fitar ita ce makarantarsu ta fari. Yaro ya bi yayyensa zuwa bayan gari, ya komo da ƙwarya cike da tafasa ko kaɗanya, kafin ya shekara goma ya san sunan kowace ciyawa da ke tsakanin gidansu da gonarsu, ya san wadda ake ci da wadda take kisa.

Yau abin ya sake. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga sun hana mutane sakewa a dazuzzukan Anka da Gummi da Bukkuyum, har ƙauyuka da dama suka watse, mutanensu suka taru cikin gari. Uwar da ta hana ɗanta fita ba ta yi laifi ba. Amma akwai wata hasara wadda ba a sa ta cikin lissafi, watau yaran da suke tasowa a tsare, ba su san ganyen miya ba sai a faifan mai talla. Alhali kuwa tsakanin shuka da girbi, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, da waɗannan ganyaye ne gidaje da yawa suke rufa wa kansu asiri. Idan tsofaffin da suka san su suka shuɗe, wa zai nuna wa na baya?

Domin haka muke kawo wa iyaye da malamai shawarar wani wasa mai sauƙi, wanda ba ya bukatar ko kwabo, kuma ana iya yinsa ba tare da an bar cikin gari ba.

MENE NE WASAN?

Babba ne zai rubuta jerin abubuwa, ya raba yara ƙungiya-ƙungiya, ya ba su lokaci su je su nemo. Ƙungiyar da ta fi samo abin da aka rubuta, ita ta ci. Shi ke nan. Turawa suna da irinsa. A Amurka wata mai shirya bukukuwa, Elsa Maxwell, ta sa ya yi tashe tsakanin masu kuɗin birnin New York a shekarun 1930, kuma ɗaliban Jami'ar Shikago suna yin nasu kowace shekara tun 1987. Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar 'yan Sikawut a Ingila a 1907, shi ma ya ɗora horon yara bisa lura da abin da ke kewaye da su: sawun dabba, ganyen itace, kukan tsuntsu.

Sai dai mu ba baƙi ba ne ga wannan. Uwar da ta ce wa 'yarta, "Je ki tsinko mini lalo a bayan danga, kada ki haɗo da ciyawa," ta riga ta fara wasan. Abin da za mu ƙara shi ne tsari da iyaka, da ɗan gasa domin yara su ji daɗi.

YADDA ZA A SHIRYA

A zaɓi ranar da aka yi ruwa da dare aka wayi gari da sanyi, ko lokacin da ake yayyafi marar iska. Kowace ƙungiya kada ta wuce yara biyar, a sa mata babban yaro ko budurwa mai hankali guda. A nuna musu iyaka da ido: daga rijiya zuwa dangar makaranta, daga dalbejiyar ƙofar gida zuwa gonar farko. Minti arba'in ya isa. Kowa ya sa takalmi, ko da na roba ne. Malaman firamare, da na Islamiyya, da na makarantar Lahadi, da shugabannin Birged na maza da mata, duk suna iya shiryawa a filinsu. Alƙali kuwa a nemi tsohuwar da ta fi kowa sanin ganye a unguwa, gama ita ce littafin da yaran za su karanta.

Jerin a kasa shi uku.

Na ɗaya, abin da za a tsinko a kawo: tafasa, rama, yakuwa, lalo, gasaya, karkashi, yaɗiya, zogale. Ganye ɗaya ɗaya ya isa, ba a ce a ƙwaƙule shukar mutane ba. A ƙara da wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da take manne wa saiwar dawa da gero tana shanye su. Wanda ya tuge ta kafin ta zubar da iri a ba shi maki biyu, domin ya taimaki gona.

Na biyu, abin da za a nuna da yatsa kawai, ba a taɓawa: zaƙami, wanda sunansa na biyu, haukata-yaro, ya isa gargaɗi, tumfafiya, wadda farin ruwanta yake yi wa ido lahani, 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu da ake dasawa a danga, da idon zakara, ƙwayar nan ja mai baƙin kai wadda take jan hankalin yara, alhali guba ce mai kisa idan aka tauna. Ƙungiya ta kira jagoranta, ta nuna, ta faɗi suna, a rubuta mata maki.

Na uku, abin da za a gano da tunani. A yi shi kamar kacici-kacici: "Wane itace ne yake tuɓe riga sa'ad da kowa yake sa tasa?" Amsa ita ce gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, shi ya sa hatsi yake kyau a ƙarƙashinsa. A ce su nemo sawun tsuntsu a laka, da gidan tururuwa, da wurin da shinge suka fito bayan ruwan dare, su kuma tsaya shiru su ƙirga kukan halittu nawa suke ji.

Akwai jarrabawa guda wadda bai kamata a bar ta ba, watau bambanta tafasa da rai-ɗore. Dangin juna ne, furensu duka rawaya, sau da yawa kuma wuri ɗaya suke fitowa. Ganyen tafasa ƙanana ne guda shida, biyu biyu, bakinsu a kewaye. Na rai-ɗore masu tsini ne, yawanci sun fi yawa, idan aka murza kuma suna da wari. Likitoci a Indiya sun tabbatar cewa yaran da suka ci ɗanyun 'ya'yan rai-ɗore suna kamuwa da mugun ciwon hanta da ƙwaƙwalwa. Gani ya kori ji: a aza su biyun a tafin hannun yaro, ba zai sake mantawa ba.

ABIN DA BA ZA A SA CIKIN JERI BA

A nan ne tilas mu rabu da tsarin Turawa. Su sukan ce wa yara su kawo dutse mai kyau, ko su cuɗa laka da hannu. A ƙasarmu wannan ba wasa ba ne. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa, da farfaɗiya da amai, a ƙauyukan wannan yanki. Bincike ya nuna gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake kawowa gida ana daka ana niƙawa. 'Yargalma a Bukkuyum, da Dareta da Abare da Bagega a Anka, suna cikin wuraren da abin ya fi taɓawa. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai suka sha magani. An kwashe ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa sai a 2013 aka share ta.

Dalma ba ta ruɓewa, ba a gane ta da ido, kuma ƙaramin yaro ne ta fi kamawa domin hannunsa kullum yana baki. Haƙar zinariya kuwa ba ta ƙare ba. Gwamnatin tarayya ta hana ta a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Saboda haka kada a rubuta dutse ko ƙasa cikin jeri. Kada a yi wasan kusa da inda ake niƙa ko wankin dutse, ko inda aka taɓa yi, ko hanyar da ruwan wurin yake bi. Kada kuma a ci ganyen da ya tsiro a can, kome kyansa.

Na biyu shi ne ruwa. Ramukan haƙa da na ginin bulo suna cika da damina su yi kama da kududdufi marar zurfi, bakinsu kuma yana zaftarewa. Gulbi ma ba abin raini ba ne: a watan Satumba na 2024 kwale-kwale ya kife da manoma a Gummi, aka yi hasarar rayuka masu yawa, manya ne kuwa waɗanda suka saba da ruwan. Ko tafki marar zurfi yana da nasa sharri, gama a cikin ƙananan katantanwa na ruwa ne ƙwayar tsargiya take girma, ta fito ta huda fatar mai wanka, daga baya yaro ya soma fitsarin jini. Dokar wasa ita ce: ruwan da ya kai idon sawu, ba a shiga.

Na uku, tsawa. Ƙara tana tafiyar kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. A koya wa yara su ƙirga daga walƙiya zuwa cida. Amma doka mafi sauƙi ita ce, da an ji cida wasa ya tsaya, kowa ya shiga ɗaki, ba gindin itace ba. A dakata rabin sa'a bayan ta ƙarshe kafin a sake fita.

Na huɗu, maciji. Ruwa yana koro kububuwa da kasa daga ramukansu zuwa cikin ciyawa da tarin kara. Kada yaro ya sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse ko gungume, a ba kowace ƙungiya sanda ta buɗa ciyawa. Idan tsautsayi ya faru, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana yaron motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan.

FARAUTAR GIDAN SAURO

Ga wani zagaye da za a iya yi a tsakar gida kowane mako. A ce yara su nemo duk inda ruwa ya kwanta: gwangwani, fasasshiyar tukunya, tsohuwar taya, sawun shanu, ɗan kwari a bayan ɗaki. Su duba ko akwai ƙananan tsutsotsi masu wutsil-wutsil. Waɗannan su ne 'ya'yan sauro, kuma a lokacin ɗumi, cikin kwana bakwai zuwa goma sun yi fiffike. Sauron zazzaɓi ya fi son ƙananan kududdufai da rana take bugawa, mai kawo shawara kuwa ya fi son gwangwani da taya. Kowane gida da aka kife ko aka cike, maki ɗaya ne. Wannan ba ya maye gurbin gidan sauro na kwana, ko maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya suke bi gida gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 kowane wata da damina. Amma yaron da ya ga tsutsar da idonsa ya gane daga inda zazzaɓi yake fitowa.

BAYAN AN DAWO

A shimfiɗa tabarma, kowace ƙungiya ta baje abin da ta samo, tsohuwa ta ɗauka ɗaya ɗaya tana tambaya: mene ne sunansa, me ake yi da shi, a ina kuka same shi? Sa'an nan kowa ya wanke hannu da ƙafa da sabulu, ya sake riga busasshiya. Idan akwai ganye isasshe daga wuri mai tsabta, a wanke shi sosai, a dafa, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli a ci tare. Babu kyautar da ta fi wannan, kuma ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ma ta sami rabonta.

Ya ku iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba mu da ikon buɗe wa yaranmu daji yau, amma bayan danga da gefen hanya da filin makaranta suna nan, kuma rabin ganyayen da muka lissafa suna tsirowa a can ba wanda ya shuka. Ranar da zaman lafiya ya dawo, waɗannan yara ne za su koma gonakin da aka bari, ya kamata su isa can sun san tafasa, sun san zaƙami, sun san ramin da ba a kusanta. A gwada wasan ran Asabar mai zuwa idan an yi ruwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana 'ya'yanmu.