Tsohon Moton Lantarki: A Duba Allonsa Kafin A Kai Shi Naɗi

Da zarar an kawar da amfanin damina a ƙasar Daura, sai hankalin manoma ya koma ga noman rani a bakin madatsun Daberam da Sabke, waɗansu kuwa ga injin niƙa. Da yawa daga injunan nan moto mai layi uku ke juya su, galibi tsoho na hannu da aka kawo daga Turai, aka saye a Kano. To, sau da yawa mutum yakan jona shi ya ga yana gurnani ba ƙarfi, sai ya ce kwayil ya mutu, ya ɗauka ya kai wa mai naɗi. Alhali kuwa wani lokaci gyaran bai wuce kwance noti shida ba.

Ga yadda abin yake. A cikin moton akwai ɗaurin waya uku, bakunansu shida kuwa sun fito cikin wani ɗan akwati a gefe, tare da 'yan ƙarafuna uku na haɗi. In aka shimfiɗa ƙarafunan suka haɗe noti uku na jeri ɗaya, wannan shi ne haɗin tauraro. In aka tsai da su, kowane ya haɗa notin sama da na ƙasa, shi ne haɗin dalta. Inda tauraro ke bukatar ƙarfin wuta 173, dalta 100 ta ishe shi.

Domin haka ne ake rubuta lamba biyu a ɗan allon ƙarfe na jikin moto: ƙarama ta dalta, babba ta tauraro. Wutar layi uku da kamfanin KEDCO ke rabawa a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013 wajen bolt 400 ce. Saboda haka moton da aka rubuta masa 400/690 dalta yake so. In an bar shi a tauraro, sulusin ƙarfinsa kaɗai zai bayar. Wanda aka rubuta masa 230/400 kuwa tauraro yake so a wutar gari. Amma in manomi yana da inbata ta hasken rana mai fitar da layi uku na bolt 230, sai a mai da shi dalta, ya ja famfo da cikakken ƙarfinsa. Sai dai a lura, zai ƙara jan wuta. Wanda ke jan amfiya 5 zai koma kusan 9, watau dole a sa masa waya mai kauri.

Akwai wani kuskure da ke cin kuɗin mutane. In wutar gari ta yi sanyi, waɗansu sukan mai da moto mai 230/400 dalta don ya taso. Lalle zai taso, amma ran da wuta ta dawo da ƙarfinta, hayaƙi za a gani. Sanyin wuta ba a jikin moto yake ba. In ta ragu da kashi 10 cikin 100, ƙarfin juyinsa yakan ragu da kusan kashi 20, ya riƙa zafi. Maganinsa a rage masa aiki, a kuma sa na'urar da ke yanke wuta in ya ɗauki zafi ko layi ɗaya ya ɗauke.

In lambobin allon duka biyu sun fi wutar da ake da ita, sa'an nan ne naɗi ya wajaba. Ka'idarsa ita ce, in za a raba ƙarfin wuta biyu, sai a raba yawan zagayen waya biyu, a kuma sa jan ƙarfe ninki biyu a kowane zagaye, ko dai wayar da ta fi kauri, ko biyu a haɗe. Mai naɗi na ƙwarai yakan ƙidaya zagayen tsohuwar waya, ya auna kaurinta, ya rubuta, kafin ya yanke ta. Kada manomi ya yarda a rage kauri don sauƙin kuɗi, gama arha ba ta ado. Naɗi kuma ba ya ƙara wa moto ƙarfin doki.

Aikin nan na ma'aikacin lantarki ne, ba na yaron gida ba, kuma ba a buɗe akwatin sai an kashe wuta tukuna. Abin da ke kan manomi shi ne ya karanta allon tun a kasuwa, kafin kuɗi su bar aljihu. Allah ya sa albarka a rani.