Dabarun Nazarin Ƙoramu da Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa a Dazuzzukan Boɗinga da Shagari

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyoyin da ɗalibi zai bi ya nazarci ruwan daji da kayan aikin da ba su fi ƙarfin aljihunsa ba, tare da nuna inda sanin Bahaushe na gargajiya ya haɗu da awon masana kimiyya. An zaɓi ƙasar Boɗinga da Shagari, kudu da birnin Sakkwato, saboda daɗewarta da zaman jama'a. A Sifawa ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga. Damina a wannan yanki ba ta cika wuce wata huɗu ba, watau daga Yuni zuwa Satumba, saboda haka sauran watannin shekara mutane da dabbobi sun dogara ne ga abin da ƙasa ta ɓoye.

2.0 Shimfiɗar ƙasa

Duwatsun yankin Sakkwato hawa-hawa suke, kuma sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma. Masana sun laƙaba wa kowane hawa sunan garin da ya fi bayyana, kamar Gundumi da Taloka da Wurno da Dange da Kalambaina da Gwandu. H. R. Anderson da William Ogilbee, na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, sun bayyana ruwan da ke cikin waɗannan hawa a rahotonsu na 1973.

Hawa biyu sun fi muhimmanci ga mai wannan nazari. Hawan Kalambaina dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake yin siminti da shi, kuma yana da tsaga da kogunan da ruwan sama ke bi ya nutse. A ƙarƙashinsa akwai hawan Dange, wanda laka ce mai tauri da ba ta barin ruwa ya wuce. Idan ruwa ya sauko ya tarar da lakar nan sai ya tsaya, ya bi gefe, har ya ɓullo a gangare. Wannan ɓullowa ita Bahaushe ke kira idon ruwa ko marmaro.

3.0 Zagaye da tambaya

Aiki na farko shi ne bin ƙorama da ƙafa a tsakiyar bazara, lokacin da duk ruwan da aka gani yana gudu daga ƙasa yake fitowa, tun da sama ta daɗe da ɗaukewa. Ya kamata ɗalibi ya nemi rakiyar mahaƙin rijiya ko makiyayi, ya rubuta kalmomin da suke amfani da su yadda suka faɗe su. Suna rarrabe gulbi da ƙorama, da tabki mai kai wa rani, da kududdufi da ke ƙafewa bayan kaka, da fadama inda ruwa ke kusa da tafin ƙafa. Kowace kalma daga cikinsu bayani ce a kan daɗewar ruwa a wurin.

Itatuwa ma shaida ne. Giyayya tana son inda ruwa ke kwanciya, kanya da ɓaure sukan jeru a bakin rafi, giginya da goruba kuwa sukan yawaita inda ruwa bai yi nisa ba. Gawo yakan kakkaɓe ganyensa da damina, ya yi sabo da rani, domin saiwarsa tana kai wa ga ruwan ƙasa. Sai dai saiwar gawo doguwa ce ƙwarai, don haka ganinsa kore yana nuna akwai ruwa, amma ba ya nuna cewa ruwan na kusa.

4.0 Awon ruwa mai gudu

Don auna ƙorama, a zaɓi wuri miƙaƙƙe, a kafa turaku biyu mita 10 tsakani. A auna faɗin ruwan, sannan a tsoma sanda a wuri biyar a tsallake don samun matsakaicin zurfi. Daga nan a jefa guntun kara sama da turken farko, a ƙidaya daƙiƙoƙin da zai yi kafin ya kai na biyu, a maimaita sau uku. Alal misali, idan faɗi mita 2 ne, zurfi kuma rubu'in mita, karan ya yi daƙiƙa 20, to ruwan saman yana tafiyar rabin mita a daƙiƙa. Da yake ruwan da ke gogar yashi a ƙasa ba ya sauri kamar na sama, akan ɗauki kashi 8 cikin 10 na wannan gudu. Lissafin zai ba da lita 200 a kowace daƙiƙa.

Idan aka yi awo a wuri biyu, aka ga na ƙasa ya fi na sama yawa alhali babu wani rafi da ya shigo tsakani, to ƙasa ce ke ƙara wa ƙoramar ruwa. Idan kuwa ya ragu ba tare da masu lambu sun ɗiba ba, yashi ne ke shanye shi. Marmaro ƙarami bokiti ya ishe shi: wanda ke cika bokitin lita 10 cikin daƙiƙa 20 yana ba da lita 43,200 a yini da kwana.

5.0 Awon rijiya

Rijiya ita ce tagar da ake leƙen ruwan ƙasa ta cikinta. Da asuba, kafin a fara jefa guga, a zura igiya mai ɗauke da ƙaramin ƙarfe har a ji ta taɓa ruwa, a auna tsawonta daga bakin rijiya. Mahaƙa da gaba suke awo, kuma gabar wani ta fi ta wani, don haka wajibi ne a auna gabar mai bayanin da mita, a rubuta duka biyu. A riƙa maimaita awon kowane wata har shekara ta zagayo, sai a ga yadda ruwa ke hawa bayan damina, ya sauka a bazara.

Ana gane ƙarfin rijiya ta hanyar janye ruwanta da yawa, a riƙa awo duk bayan minti 10 har ya komo matsayinsa. Haka nan, idan ana sabon haƙa, a ɗebi ƙasar kowace gaba a jera, a tambayi mahaƙi sunanta, ko jigawa ce, ko marmara, ko tsakuwa, ko yumɓu. A kuma lura da ruwan kansa, domin Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Ruwan dutsen farar ƙasa yakan hana sabulu kumfa, mai zartsi kuwa harshe ke fara gane shi. Ƙwayoyin cuta ba a ganinsu, sai an kai ruwan ɗakin gwaji. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai, kuma a inda dutse ke da tsaga ƙazanta tana iya wuce wannan tazara.

6.0 Kammalawa

Tun kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973, cikin farin shekarun nan, aka shiga gina madatsun ruwa, har da na Shagari a kan Gawon Gulbi, rijiyoyin burtsatse da injunan ban ruwa kuma suka bazu a fadamu. Inji yana jan ruwa da saurin da jigo bai taɓa yi ba, kuma in ba a ajiye awo na shekara da shekaru ba, babu mai sanin ko abin da ake ɗiba ya zarce abin da damina ke mayarwa. Daɗin daɗawa, duk inda burtsatse ta shiga sana'ar haƙar rijiya takan ja baya, kalmominta su bi ta. Saboda haka aikin ya dace da ɗaliban Hausa da na labarin ƙasa a haɗe, musamman na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke kusa, su fita da igiya da littafin rubutu tun tsofaffin mahaƙa na nan da ransu.