Tsinken Gwajin Fitsari: Abokin Shawarar Macen Da Ke Neman Haihuwa

A duk lokacin da aure ya doshi shekara biyu a ƙasar Hausa ba a yi taron suna ba, idanun dangi kan koma kan mace. Za a fara da tambayar ko an samu ƙaruwa, a wuce zuwa habaici, daga nan sai a laƙaba mata sunan juya. Ita kuwa baiwar Allah sai ta bazama neman magani, yau tana wurin mai saiwa, gobe tana sayen jarkar maganin sanyi a motar da ke shela da lasifika a bakin kasuwa. Abin da na lura shi ne, da yawa daga cikin masu wannan fafutuka, har da masu digiri a cikinmu, ba a taɓa yi musu bayanin ranakun da mace ke iya ɗaukar ciki ba, balle a nuna musu yadda za su gane su. Dalili ke nan da ya sa nake son jawo hankalin mai karatu ga ɗan tsinken gwajin fitsarin nan da ake sayarwa a kantunan magani.

Neman labarin ciki a cikin fitsari tsohon al'amari ne. Rubuce-rubucen likitancin Misira na fiye da shekara 3,000 da suka wuce sun nuna cewa mace kan yi fitsari a kan irin alkama da sha'ir, in ya tsiro sai a ce tana da juna biyu. A 1927 wasu likitoci biyu a Jamus, Selmar Aschheim da Bernhard Zondek, suka gano cewa fitsarin mai ciki yana ɗauke da wani sinadari da ke sauya jikin ɓera idan aka yi masa allurarsa. Daga baya aka koma amfani da wani kwaɗo na Afirka ta Kudu, wanda ke zuba ƙwai in an yi masa irin wannan allura. Wata Ba'amurkiya, Margaret Crane, ce ta tsara gwajin da mace za ta yi da kanta a gida a 1967, aka fara sayar da shi a Kanada a 1971, sannan a 1988 kamfanin Unipath na Ingila ya fito da irin tsinken da muka sani yau.

Yadda abin yake shi ne, jikin mace yana tafiya ne bisa wasu sinadarai da likitoci ke kira homon, waɗanda ke yawo a jini, ragowarsu kuma ta fita a fitsari. Ɗaya daga cikinsu, mai suna LH, yakan yi tashin gwauron zabo kimanin awa 24 zuwa 36 kafin ƙwan mace ya fito. Shi ƙwan ba ya wuce awa 12 zuwa 24 a raye, amma ƙwayoyin maniyyi kan kai kwana 5 a jikin mace. Saboda haka a wata guda, kwana 6 ne kacal ake iya samun ciki: biyar kafin fitar ƙwai da kuma ranar fitarsa. Tsinken gwajin ƙwai wannan tashin na LH yake kamawa, shi kuma na gwajin ciki yana neman wani sinadarin ne daban, hCG, wanda jiki ke fara yi bayan ciki ya zauna.

Amfani na farko shi ne kawar da kintace. An daɗe ana koya wa mata cewa rana ta 14 ce ranar ƙwai, alhali wannan lissafi na mai zagayen kwana 28 ne. Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya duba zagayen al'ada sama da 600,000, ya samu kashi 13 cikin 100 ne kawai suka yi kwana 28 cif. Wannan yana da muhimmanci ga irin rayuwar da muke yi yanzu. Ma'aikacin da ke Abuja iyalinsa na Gusau ko Azare, yana leƙo gida bayan mako biyu ko uku, zai iya shafe shekara yana saɓani da waɗannan ranaku, kuma daga shi har matar lafiyarsu lau. Haka nan a gidan mata huɗu da ake kwana bibbiyu, mace kan yi kwana shida kafin girki ya zagayo kanta.

Na biyu, macen da ta yi wata uku tana gwaji tana rubutawa a ɗan littafi, ta je gaban likita da hujja a hannu. Idan tsinken bai taɓa nuna tashin LH ba, likita zai fara binciken ko ƙwan yana fitowa. Idan kuwa yana nunawa kowane wata, an kuma kiyaye lokaci, cikin bai zo ba, to an san sai a duba wani wurin. Akwai ma sababbin na'urori da ake haɗawa da wayar salula, masu auna ragowar sinadarin furojestaron, wanda ke hauhawa bayan ƙwai ya fita, sai dai sun fi tsinken tsada nesa ba kusa ba.

Na uku, sanin ciki da wuri. Tsinken gwajin ciki yakan nuna tun daga ranar da al'ada ta ƙi zuwa. Wadda ta sani da wuri za ta daina shan magani barkatai, ta riƙe ƙwayar folik asid in ba ta riga ta fara ba, domin lakar jariri tana haɗuwa ne cikin kwana 28 na farko. Za kuma ta fara awo cikin mako 12 na farko kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016. Idan tsinke ya nuna ciki sannan ga ciwon mara mai tsanani ko zubar jini, a garzaya asibiti, don yana iya zama ciki ne a wajen mahaifa, wanda ke kisa. Tsinken kan kuma tona asirin 'yan damfara. A 2024 wani binciken BBC ya bankaɗo wasu a Jihar Anambra da ke karɓar maƙudan kuɗi suna shaida wa mata cewa suna da wani irin ciki da gwaji ba ya gani. Mu ma a nan sau nawa ake ce wa mace cikinta ne ya kwanta, alhali ƙari ne a mahaifa?

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Tsinken ba ya ganin toshewar hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, wadda cututtukan da ba a yi wa magani ba ke haddasawa, kuma tana cikin manyan dalilan rashin haihuwa a Afirka. Masu larurar da aka daɗe ana kira PCOS, wadda ke samun kusan mace ɗaya cikin goma, LH ɗinsu kan zauna a sama, sai tsinken ya ruɗe su. Ba a dogara da shi wajen tazarar haihuwa, domin kafin ya nuna, ranakun ɗaukar ciki sun riga sun fara. Karatunsa ma yana son kula: a gwajin ciki, layi na biyu ko da dishi-dishi ne ciki ne, kuma fitsarin asuba ya fi, a gwajin ƙwai kuwa sai layin ya kai ɗan'uwansa duhu ko ya fi shi. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma guji wanda ya sha zafin rana a shago.

Babban abin da tsinken ba zai faɗa ba shi ne halin da maigida yake ciki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum ɗaya cikin shida kan fuskanci matsalar haihuwa a rayuwarsa, kuma likitoci sun tabbatar da cewa a kusan rabin ma'auratan da ke fama, akwai hannun matsalar namiji. Haihuwa ta Allah ce, babu mai ja, amma ba adalci ba ne mace ta yi ta gwaji wata da watanni, mijin kuma ya ƙi ba da maniyyinsa a auna sau ɗaya, yana can yana shirin ƙara aure.

Don haka kirana ga 'yan'uwana maza, musamman mu da muka yi boko, shi ne mu sayo tsinken nan da kanmu, mu zauna da iyalinmu mu fahimci lissafin tare. Ma'aikatan awo su riƙa koyar da shi da Hausa, masu kantin magani su daina miƙa shi ba bayani. Idan an shekara ana nema ba a dace ba, ko wata shida ga wadda ta haura shekara 35, to a ɗauki littafin nan a nufi asibiti, miji da mata tare, kowa a duba shi.